Iya Habi Ta Zo Karɓar Akuyarta

"Lahiya lau, Sale. Ya kasuwa? Ya masu gida? To madalla. Ina ɓarawon ya shiga?"

Sale bai gama amsa gaisuwar ba, Iya Habi ta ɗage labulen shagon da kan sandarta ta shigo abinta. Shagon yana bakin tashar Gazawa, ɗaki ɗaya ne da aka cusa wa salula da rediyo da kwamfutoci, tsofaffi da sababbi, waɗanda Sale ke ɗaukowa daga tsallaken iyaka. A waje motar 'yan siyasa ce ke ta zagaya gari da lasifika, don ana tsakiyar zaɓe ne, an gama zagayen farko ana jiran na biyu. Ɓarawon da take nema kuwa ba kowa ba ne illa jikanta Rashidu. Yana tsugune gaban wasu kwamfutoci biyu, ya zuba musu ido ko ƙiftawa ba ya yi.

"Muryar wa nake ji kamar ta tsohuwar matata?" in ji Rashidu, bai ko waiwayo ba. "Sale, ban ce ka daina barin mabarata suna shigowa ba?"

"Mabarata suna gidanku."

"Ai gidan namu ke ce babba a ciki."

"Ruhe mini baki, mijin banza. An ce ka saida aya buhu-buhu, ko ƙwara ɗaya ba ka kawo ma matarka ba."

"Da wane haƙorin za ki tauna?"

"Da wanda na tauna maka nama kana ɗan mitsitsi, kana dalalar da yawu awa ɗan maraƙi."

Haka suke tun yana rarrafe. Ita matarsa ce, shi mijinta, irin auren kaka da jika, ba sadaki ba saki, sai zagi safe da yamma. Sale ya san hali, sai ya jawo mata kujera yana dariya.

Maganar aya gaskiya ce. Rashidu ya noma ta bana, Allah ya sa ta yi kyau, ya sayar. Yanzu ɗakin wasa yake son buɗewa kusa da tasha, inda samari za su riƙa biya suna buga ƙwallo a kwamfuta. Abin da ya samu bai kai ga irin injin da yake so ba, shi ne zai cika da tsohuwar kwamfutarsa, irin wadda ake ninkewa a sa a jaka, wadda ya yi lakol, wato makarantar boko, da ita a Maradi. Sale har ya samo mata mai saye, wani malamin lakol na Gangara, wanda ya ce a share masa duk abin da ke cikinta kafin ya iso da la'asar.

Wannan sharewar ce ta fito da Iya Habi daga gida, ko kallabi ba ta tsaya ɗaurawa da kyau ba. A bakin uwar Rashidu ta ji. Akwai wani ɗan bidiyo a cikin tsohuwar kwamfutar nan. Rashidu ne ya ɗauka da salula wani hutu da ya zo gida, lokacin kakansa Malam Sha'ibu yana raye. Tsohon yana zaune gindin bishiyar bedi yana tufkar igiya, akuyar Iya Habi ta zo tana ja masa rama, shi kuwa ya ɗaga murya ya kira matarsa. Bayan rasuwarsa Rashidu ya taɓa kunna wa mutanen gida, kowa ya taru ana kallo ana share ido. Ita ba ta matso ba. Ta zauna bakin murhu ta ba su baya tana tsintar wake, amma kunnenta yana can. Tana jin kiran ta tashi ta shige ɗaki, ko ƙarshensa ba ta tsaya ji ba. Tun ranar ba ta sake jin muryar ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta san dai tana nan ajiye a ɗakin yaron kamar hatsi a rumbu, wannan kawai ya ishe ta.

Yau kuma an ce za a share. To ta ina mace irinta za ta fara? Ta yi zaman aure har ta ga jikoki, ba ta taɓa kama sunan mutumin nan ba, ba ta taɓa kai loma baki yana kallo ba. Sai yau da furfura za ta tsaya gaban jika da baƙon namiji ta ce muryar mijinta take so? Ai gara ƙasa ta tsage ta shige. Shi ya sa tun a hanya ta shirya abin da za ta ce, akuyarta ta zo karɓa.

"Tunda kin zo, matso ki sa albarka," in ji Rashidu. "Wace za mu ɗauka?"

Ta duba. Ɗaya baƙa ce wuluk, gefenta gilashi, a ciki fitilu suna ta juyawa, ja ya bi kore, kore ya bi shuɗi. Ɗayar kuwa akwati ne kawai ruwan toka, fentinsa har ya fara gogewa a kusurwa.

"Wagga mai walƙiya, gidan biki za ka kai ta ko gidan boka?"

"Kwalliya ce, tsohuwa. Ke da aka yi wa huɗa a kumatu kike ganin laihin kwalliyar wani?"

Ta shafa zanen Gobir ɗin da ke fuskarta da yatsa. "Wanga zane da kake gani, don shi anka tako ƙasa tun daga nan har Cadakori."

"Wa ya tako?"

"Wanda ya hi ka ido." Ta yi sauri ta juya ga mai shago. "Sale, buɗe mini bakinta in ga haƙora."

"Iya, ba jaka ba ce hwa," in ji Rashidu.

"Ni ban taɓa sayen abu ban duba bakinai ba. Kai kaɗai anka kawo mini ban duba ba, ga shi nan ina ta da-na-sani."

Sale ya share hawayen dariya, sannan ya shiga bayani irin na mai son a yi ciniki. "Iya, wannan mai hitilar ita ce mai ƙarhin hoto. In ana buga ƙwallo a cikinta, ɗan wasa ba ya tsayawa yana kakkarwa kamar yadda yake yi a tsohuwar tashi. Kuma akwai fankoki a ciki, zahin Gazawa ba zai dame ta ba. Waccan mai ruwan tokar ta hi ta cikin ɗaukar kaya, sai dai in wasa ya yi nauyi, za ki ji tana nishi."

"Babban ciki, in aiki ya yi nauyi sai nishi," in ji Iya Habi, ta nuna Rashidu da sanda. "Ashe kana da 'yar'uwa a shagon nan."

"Ki dai bari in saye mai fankar, in kika yi ladabi in riƙa barinki ki zauna kusa da ita."

"Fanka cikin akwati! Ni da na haihi ubanka da mahuci nike kwana, ƙarhe kuma ana yi mishi hihita."

"Ke zahi ba ya kama ki, kin riga kin bushe."

"Busasshen nama ya hi tsada a kasuwa, tambayi masu kilishi."

Suna cikin haka ta ga ƙofar da za ta bi ta kawo maganarta, sai ta lallaɓa ta shiga. Ta kau da kai gefe, ta yi kamar kallon rediyoyin da ke kan kanta take yi.

"Cikin su biyun, wace ta hi murya?"

"Murya kuma?" in ji Rashidu. "Mi ya haɗa ki da murya, ke da sai an yi ihu kike ji?"

"To ai shi ya sa na tambaya, sakarai."

"Mai hitilar tana zuwa da lasihikarta manya," in ji Sale. "In an ci ƙwallo har cikin tasha sai an ji."

"To ɗauki mai walƙiyar."

Rashidu ya miƙe tsaye ya riƙe baki. "Sale, kai ne shaida. Yau ni da matar nan mun dangwala wa ɗan takara guda."

"Kar ka ruɗi kanka. Ni ban taɓa zaɓenka ba, ɗora mini kai anka yi."

"Ko ba ki zaɓa ba, mulkina ne. Ba ki jin rediyo? Yanzu in wa'adin mutum ya cika, miƙawa yake yi ya tahi lahiya lau. Tsohon ya gama nashi ya tahi, yanzu ni ne da gida."

Maganar ta soke ta har ciki. Yaron da wasa ya yi ta, ta sani, kuma da bakinta ta koya masa irin wannan wasan. Ta dake dai, ta gyara zaman mayafinta.

"Kai ko sarautar kaji anka ba ka, kahin dare sun tsige ka."

Aka tsaya kan mai fitilar. Saura kwashe kaya. Rashidu ya buɗe tsohuwar kwamfutar a kan tebur, ya zaro kile daga aljihu, wani ɗan abu da bai fi ɗan yatsa ba, wanda ake ɗibar kaya da shi daga wannan kwamfuta a juye a waccan. Ya soka shi a gefe. Wani koren layi ya fito yana tafiya a hankali.

"Mi ke rarrahe nan?"

"Kaya ne ke ƙaura. Takarduna na lakol, waƙoƙi, hotuna, wasanni, duk suna shiga nan."

"Cikin wanga ɗan tsinke? Amma dai kai matsiyaci ne. Ni ranar da anka kawo ni garin nan, raƙuma sunka ɗauko kayana, mutane sunka hito bisa katanga suna kallo."

"Ni jaki ɗaya aka ce mini, shi ma yana ɗingishi."

"Wa ya ce?"

"Jakin da kanshi. Jikanshi na nan bayan tasha yana ɗibar ruwa."

"To ka gaishe shi, tunda kun saba hira."

Layi ya cika, Rashidu ya zare kile ya juye a sabuwar, ya dawo ya sake sokawa. Iya Habi tana ƙirga tafiyar nan da ido, ba ta san a wane zuwa aka ɗauki abin da ya kawo ta ba, ko ma an ɗauka. Da ta ga yana shirin rufe murfin, sai ta buga sanda a ƙasa.

"To hiddo mini akuyata."

"Wace akuya?"

"Ja, mai hwarin goshi. Tana cikin ordinatar ɗin nan naka, na sani." Ta nuna tsohuwar kwamfutar da sanda.

"Wadda aka yanka ranar sunan jikarki Saudatu?"

"Ita."

"Iya, akuyar da na ci kanta da bakina?"

"Shi ya sa har yau kake da taurin kai. Ba ni abata."

Rashidu ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya shiga laluben hotuna, can sai ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ga akuyar kuwa, ɗaure a turke, ta ɗaga kai tana kallon mai ɗauka.

"Ga ta nan. Ku gaisa."

Ta leƙa. Akuyar ce, ba shakka. Amma babu bedi, babu igiya, babu kowa kusa da ita.

"Wagga ba ta motsi."

"Hoto ne, ya za a yi ta motsa?"

"Ni mai motsi nike so."

"Sale, ka ji tsohuwa da rigima? An yanka, an ci, an suɗe, kuma ita mai motsi take so." Ya sake lalube, ya kunna mata wani bidiyo, awaki ne aka ɗaure bisa motar kasuwa suna ta ihu. "To ga su nan da yawa, zaɓi wadda ta yi miki."

"Waɗanga awakin mutane ne. So kake jandarma su kama ni?"

"Awakin ƙasar nan duk ja ne, wa zai gane?"

"Tawa tana cin rama."

Nan ta kure iyakar abin da bakinta zai iya. In da yaron ya natsu, da wannan ya ishe shi. To amma a daidai lokacin ne Sale ya gama haɗa sauran wayoyin sabuwar kwamfutar, ya miƙa masa manet, abin da ake riƙewa da hannu biyu a juya 'yan wasa. Fili ya fito kore shar, 'yan ƙwallo suka fito suna gudu kamar a taɓa su, 'yan kallo suka ɗauki sowa ta cikin lasifika. Rashidu ya tafi. Jikinsa ne kawai a shagon.

"Duk akuya tana cin rama, Iya," ya ce, idonsa na kan ƙwallo. "Na sa miki hotonta a kile. Ke dai kwantar da hankalinki, ban bar komi mai amhwani ba. Hotunan Malam ma duk na kwashe, har wanda ya sa babbar riga ranar Sallah."

Ga ƙofa an buɗe mata har bango. Abin da ya rage ta ce, da na gindin bedi? Amma bakin da ya saba tun tana amarya ya riga ta.

"Wa ya tambaye ka shi?"

"To, Allah ya ba ki haƙuri."

Ta ji kamar ta mari bakin nan nata. Hoton babbar riga ai akwai shi a rataye a ɗakin ubansa, kullum tana wucewa ta gabansa. Mutum ne tsaye ƙiƙam ya ɗaure fuska don mai hoto ya ce kar ya motsa. Ba shi ne ta zauna da shi ba. Wanda ta sani mai tari ne da mita, mai kiran mutum tun daga zaure kamar gidan ya kama wuta.

Salular Sale ta yi ƙara. Ya amsa, ya ce to, to, sai ka iso. Ya jawo tsohuwar kwamfutar gabansa.

"Malamin Gangara ne, ya ce ya hau kabu-kabu. Rashidu, ka gama? In na danna nan hwa shi ke nan, ko wanda ya ƙera ta ba ya maido da komi."

"Share kawai," in ji Rashidu, yana karkata jiki yana bin ƙwallo.

Sale ya ɗaga yatsa. Sai ga sanda ta sauko ta gicciye a kan maɓallan, saura kaɗan ta same shi a hannu.

"Dakata."

Suka juyo su duka biyu. Iya Habi tana tsaye, ba ta ma san lokacin da ta tashi ba. Ta nemi wata akuyar da za ta fake da ita, babu. Hanya ɗaya ce ta rage mata, wadda ta saba bi da yaron nan tun yana goye. Ta ɗaure fuska ta nuna shi.

"Kai, na gaji da aurenka."

"Yau kuma?" Rashidu ya ajiye manet yana murmushi. "Jiya ma haka kika ce, da dare kika aiko a karɓar miki tsire."

"Yau da gaske nike. Ba ka ciyarwa, ba ka tuhwatarwa, ga ƙaton kai, ga son wasa awa ɗan yaye. Sake ni."

"Na ƙi. In na sake ki wa zai kwasa?"

"Ina da mijina."

"Ah! Sale, ka ji? Wane ne shi, in je in same shi?"

"Na hwari. Shi za ka maido mini."

"To ina zan samo miki shi, tsohuwa?"

"Shina nan ciki." Ta taɓa tsohuwar kwamfutar da kan sanda, a hankali. "Gindin bedi. Shina tubkar igiya."

A kan igiyar ne muryarta ta karye. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda rabonta da ji tun ranar da aka kawo ta garin. Sale ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya shiga neman abin da bai ɓata ba. 'Yan kallon cikin lasifika ne kawai ba su san abin da ake ciki ba, suna ta sowarsu.

Ta saci kallon Rashidu. Murmushin ya tafi. Ta ga ya tuna, ta ga kuma abin ya dake shi. Ya buɗe baki kamar zai ba ta haƙuri, ita kuwa ta roƙi Allah a ranta kar ya yi. In ya tausaya mata a gaban Sale, ta ina za ta bi ta fita shagon nan?

Yaron jininta ne, ya gane. Ya haɗiye abin da ya taso masa, ya dafe ƙirji.

"Sale, hito ka ga abin kunya. A gabana, da raina da lahiyata, matata na neman wani namiji."

"Namiji dai, ka hwaɗa da bakinka."

"Tsoho ma! Mai tari!"

"Tarinai ya hi waƙoƙin nan naka daɗi."

"Mutumin da akuya ta raina?"

"Kai ai ko akuyar ba ta san da zamanka ba."

Yana zagin yana lalube. Tsofaffin bidiyoyin salula duk ya tara su wuri guda da ya ɗauka tarkace ne, don hotonsu dishi-dishi yake, shi ya sa bai kwashe ba. Ya buɗe wannan, kokawa ce. Ya buɗe wancan, wani aboki ne ke koyon babur. Iya Habi ta ƙanƙame sanda. Can sai ga ganyen bedi, ga wata ƙafa miƙe da igiya naɗe a babban yatsa. Rashidu ya yi maza ya tsayar tun kafin sauti ya fito.

"Na kama kwarton," ya ce.

Ya soka kile. Koren layin ya fito.

"Bi da shi a hankali," in ji ta. "Ba shi son gaggawa, kuma shina da ciwon ƙugu."

"In ɗauko mishi raƙuman naki?"

"Kuma kar ka sauke shi ɗaki guda da waɗancan masu gajeren wando. Mutum ne mai mutunci."

"Zan ba shi ɗakinshi daban, har da buta."

Sale ya ɗago daga ƙarƙashin tebur. "To yanzu in share, Iya?"

"Kar ka taɓa. Sai na ji ya isa."

Rashidu ya zare kile ya kai sabuwar kwamfutar. Ya kawar da 'yan ƙwallo, ya juye, ya danna. Abin da ya manta shi ne lasifikar nan tana nan yadda ya ƙure ta don sowar 'yan kallo. Ga tsohon ya cika gilashin fuskar kwamfutar, hula a karkace, yana murza rama a cinya. Ga jar akuya ta lallaɓo ta baya ta kama bakin ramar. Ya ja, ta ja. Sai ya ɗaga kai ya dubi cikin gida, murya ta fito ta cika shagon har ta fita titi.

"Ke Bagobira! Zo ki kama ɓarauniyar akuyar nan taki!"

"Na'am, Malam, ga ni nan."

Iya Habi ta riga ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya kafin ta tuna inda take. Ta tsaya cak.

A cikin gilashin tsohon ya karkata kunne yana jira. Ba a amsa ba. Ya yi tari, ya dubi mai ɗaukarsa, ya kashe ido ɗaya.

"Tana ji na sarai," in ji shi. "Sai ta ga dama take amsawa. Haka na ɗauko ta."

Ya yi dariyarsa mai haɗe da tari, hoton ya tsaya.

Wannan ne ƙarshen da ba ta taɓa ji ba. Iya Habi ta koma ta zauna a kujera. Dariya ta zo mata tare da kuka, ta rasa wanne za ta fara, sai ta bar su suka fito tare. Ta yi kewar mutumin nan, kewa mai tsanani, kuma yau ba ta damu da wanda ya gani ba.

Rashidu ya goge ido da bayan hannu, ya tsuguna gabanta.

"Ni kullum ina kira, ba ki taɓa ce mini na'am ba. Shi daga buɗe baki har kin miƙe."

"Ka ci, ɗan nema," ta ce tana jan hanci. "Yau kam ka ci." Ta share fuska da bakin mayafi. "Yaushe kake buɗe ɗakin shirmen naka?"

"Ranar kasuwa, in Allah ya so."

"To a aje mini kujerar gaba. Da sahe zan riƙa zuwa, kahin 'yan zaman banzan su taru."

"Wurin nan biya ake, tsohuwa. Ba ni da sani ba ni da sabo."

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da farin goro guda, babba, wanda ta ɓoye wa kanta. Ba ta fasa ba. Ta kamo hannunsa ta sa masa shi dungum, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ga shi. Sa shi ya sake kira."